108 da 5A: Abin da Na'ura Ta Auna da Abin da Kunne Ya Ji a Kiɗan Beethoven

Shekarun baya-bayan nan sun zo mana da manhajoji na kwamfuta da na wayar hannu waɗanda in aka ba su kiɗa, ko wane iri ne, kafin minti guda sun fito da amsa mai lamba biyu. Lamba ta farko tana faɗin gudun kiɗan, wato bugu nawa yake yi a minti ɗaya. Ta biyu kuwa tana faɗin gidan sautin da kiɗan yake zaune a ciki, da kuma irin kaɗe-kaɗen da za a iya jona shi da su ba tare da kunne ya ƙosa ba. An yi waɗannan manhajoji ne domin masu haɗa faifai a gidajen rawa da wuraren biki, waɗanda matasa ke kira di-je, domin su shigar da waƙa cikin waƙa ba tare da masu rawa sun tsaya ba. Ɗaya daga cikin sanannunsu, Mixed In Key, ta fito a shekarar 2006. To amma na'ura ba ta da kara. Duk abin da aka ɗora mata sai ta auna shi, har da dogayen kaɗe-kaɗen Turai na ƙarni biyu da suka wuce, waɗanda ba don rawa aka tsara su ba.

Ɗauki Simfoni ta Biyar ta Ludwig van Beethoven. Simfoni dogon kiɗa ne na taron makaɗa masu yawa, babu waƙar baki a mafi yawansa, kuma bisa al'ada ana raba shi kashi huɗu. Wannan ta biyar ita ce wadda take farawa da gajerun sautuka uku da dogo ɗaya, wanda ko bai san sunanta ba ya taɓa jin ta a rediyo ko a fim. In aka rubuta kashinta na farko da harshen masu haɗa faifai, abin da za a samu shi ne 108 da 5A. Ra'ayina, wanda zan kare a nan, shi ne cewa lambobin nan biyu ba ƙarya ba ne, akwai ilmi na gaske a ƙarƙashinsu, amma ɗalibin da ya karɓe su a matsayin gaskiyar kiɗan ya koyi wata mummunar ɗabi'a da za ta bi shi har ɗakin gwaje-gwaje, wato karɓar lamba ba tare da tambayar me aka auna, da me aka auna, kuma a wane lokaci ba.

Gudu

An fara kaɗa wannan simfoni a birnin Biyana ranar 22 ga Disamba, 1808. A lokacin babu lamba 108 a jikinta, domin babu na'urar da za ta bayar da ita. Abin da Beethoven ya rubuta a kan shafi kalmomi ne na Italiyanci masu ma'anar a yi da sauri da kuzari. Sai a 1815 Johann Nepomuk Mälzel ya yi rajistar agogon kiɗa da ake kira metronom, bayan ya ɗauko dabarar daga wani maƙeri na Amstadam mai suna Dietrich Winkel. Sanda ce a tsaye mai lilo, da ɗan nauyi a jikinta, in aka ja nauyin sama sai ta rage gudu, in aka ja shi ƙasa sai ta ƙara. A 1817, shekara tara bayan fitar kiɗan, wata jaridar kiɗa ta birnin Laifzig ta buga lambobin da Beethoven ya sa wa simfoninsa takwas na farko. A nan ne 108 ta fito.

Mai karatu ya ɗauki biro mu yi lissafi. Lambar tana nufin gaɓa 108 a minti, kuma kowace gaɓa tana ɗaukar gajerun sautukan nan guda huɗu, wato sautuka 432 a minti, fiye da 7 a sakan ɗaya. Kashi na farko yana da gaɓa 502, kuma an ce a maimaita 124 na farko, jimla 626. In aka raba 626 da 108 za a samu minti 5 da sakan 48. Amma mafi yawan sanannun faifan wannan kiɗa sun kai minti 7 ko sun wuce, har da wanda Carlos Kleiber ya jagoranta da makaɗan Biyana a 1974, wanda ba a taɓa zarginsa da sanyin jiki ba.

Ina sauran mintin ya shiga? Wani ɓangare Beethoven da kansa ne ya ci shi. Dogon sautin nan na huɗu yana ɗauke da alamar da ke ce wa madugun makaɗa ya riƙe shi iya yadda ya ga dama, kuma alamar ta zo sau biyu tun a gaɓa biyar na farko. Can cikin kashin kuma dukkan makaɗa suna yin tsit, a bar mai busa obo, ɗan'uwan algaitarmu, ya yi wata 'yar busa a hankali shi kaɗai, ba ruwansa da agogo. Sauran kuwa madugai ne suka ci, domin tun ƙarni na 19 da yawansu suna ganin lambobin Beethoven sun yi sauri da yawa. Wasu sun ce agogonsa ne ya lalace, wasu sun ɗora laifin a kan kurumtar da ta same shi. A 2020 wasu masu bincike biyu a Sifen, Almudena Martín-Castro da Iñaki Úcar, suka auna faifan madugai 36 da kwamfuta, suka ga kusan kowa yana tafiya ƙasa da lambobin, suka kawo shawarar cewa wataƙila Beethoven ya riƙa karanta lambar da ke ƙarƙashin nauyin ne maimakon wadda ke samansa. Hujjar tana da daɗin ji, ko da yake ni ban ga ta kashe maganar ba, domin madugai irin su Roger Norrington da John Eliot Gardiner sun nuna cewa ana iya kusantar lambobin kuma kiɗan ya yi kyau.

A matsayina na malamin ilmin halittu, abin da wannan ke tuna mini shi ne zuciya. Muna koya wa ɗalibai cewa zuciyar baligi mai hutawa tana bugawa tsakanin sau 60 da 100 a minti. Wanda aka ce tasa 72 ce, ba yana nufin tazarar kowane bugu da na gaba daidai take ba. Zuciya tana ƙara gudu kaɗan idan an shaƙi numfashi, ta rage idan an fitar, musamman ga yara da matasa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa zuciyar da ta rasa wannan sauye-sauye, ta koma bugawa kamar agogon bango, ba alamar ƙoshin lafiya take nunawa ba. Lamba 72 matsakaici ce. Haka 108 take, in ma an same ta. Na'urar kuma tana da wata sananniyar matsala, wato ba ta san wane bugu ya kamata ta ƙirga ba, saboda haka kiɗa ɗaya yana iya fitowa 54, ko 108, ko 216, kuma dukkansu suna da hujja a lissafi.

Gida

A nan maganar ta fi zurfi, kuma a nan ne masu haɗa faifai suka fi gaskiya.

Sauti kaɗawar iska ce. Yawan kaɗawa a sakan shi ne ke sa sauti ya yi kaifi ko ya yi kauri. Makaɗan Turai suna daidaita kayansu a kan sautin da suke kira A, wanda wani taro a Landan a 1939 ya tsayar a kan kaɗawa 440 a sakan. In aka ninka ta zama 880, kunne yana jin sautin nan ne dai ya dawo a sama, kamar yadda yaro da babansa za su rera waƙa ɗaya, kowa da muryarsa. Wannan tazara za mu kira ta zango. Turawa sun raba zango mataki 12, sai mai tsara kiɗa ya zaɓi 7 daga ciki, ya mai da ɗaya cibiya wadda kiɗan ke fita daga gare ta yana komowa. Wannan zaɓi shi na kira gida. Zaɓin iri biyu ne, babba da ƙarami, saboda haka gidaje 24 ke nan. Simfoni ta Biyar an yi mata laƙabi da C ƙarami.

Me ya sa wasu sautuka suke jituwa, wasu ba sa yi? Amsar tana cikin kunne. A bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwansa uku akwai wani bututu mai ruwa a naɗe kamar katantanwa, tsawonsa in an miƙe shi kusan milimita 35. A cikinsa akwai wani tantani siriri mai ƙarfi a bakin shiga, mai faɗi da laushi a ƙarshe. Sautuka masu kaifi suna girgiza bakin, masu kauri suna girgiza ƙarshen, kuma ƙwayoyin halitta masu gashi, kusan 3,500 a layin ciki, su ne ke mai da girgizar saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Georg von Békésy ya samu kyautar Nobel a 1961 saboda nuna wannan. To idan sautuka biyu suka yi kusa da juna sosai, sai su faɗa wuri ɗaya a kan tantanin, su riƙa ƙarfafa juna suna raunana juna. In aka haɗa 440 da 444, za a ji ƙarar tana hawa da sauka sau 4 a sakan. In bambancin ya kai ashirin ko talatin, kunne ba ya iya ƙirgawa, sai dai ya ji kaushi. Hermann von Helmholtz, wanda likita ne kafin ya shahara a kimiyyar sauti, ya bayyana wannan a littafinsa na 1863, sa'an nan Plomp da Levelt suka gyara awon a 1965.

Bugu da ƙari, tsirkiya ko bututu ba sa fitar da kaɗawa ɗaya tak. Tsirkiyar da ke ba da 440 tana ba da 880 da 1,320 a ɓoye a cikinta. Wadda ke ba da 660 tana ba da 1,320 ita ma. Ke nan sautuka biyun da suke kan lissafin 3 bisa 2 suna haɗuwa a sama maimakon su yi karo. Tazarar mataki 7 ke nan. In ka fara daga gida ɗaya kana hawa mataki bakwai-bakwai, bayan hawa 12 za ka zagayo inda ka fara, kuma duk gidaje biyu da ke maƙwabtaka a wannan da'ira sun yi tarayya a sautuka 6 daga cikin 7. Wannan tsohuwar da'ira ce masu haɗa faifai suka sa wa lambobi kamar fuskar agogo, suka kira ta Camelot, harafin A na ƙananan gidaje, B na manya. C ƙarami ya faɗa 5A. Ƙa'idarsu ta farko ita ce ka tsaya a lambarka, ko ka matsa ɗaya gaba ko baya, ko ka sauya harafi kawai. Wato 5A yana tafiya da 4A da 6A da 5B.

A gefe guda, ga wani abu da malaman lissafi za su so. Da'irar nan ba ta rufuwa da kanta. In aka ninka 3 bisa 2 da kansa sau 12 ana samun 129.75, alhali zango 7 yana ba da 128. Sai da aka ɗan rage wa kowace tazara, 660 ta koma 659.26, kafin bakin ya haɗu. Fiyano da mafi yawan kayan kiɗan lantarki a kan wannan sulhu suke.

Yanzu mu koma ga Beethoven da wannan ma'auni a hannu. Sautuka takwas na farko ba su ƙunshi C ba sam, kuma wanda bai ji abin da ke biye ba yana iya rantsewa cewa gidan 5B ne. Kafin a yi minti ɗaya ma kiɗan ya ƙaura zuwa 5B ɗin da gaske. Kashi na biyu yana 4B. Na uku ya komo 5A. Na huɗu kuwa yana C babba, wato 8B. Mai karatu ya duba ƙa'idar da ke sama, 5A da 8B ba maƙwabta ba ne, lamba uku ce tsakaninsu da sauyin harafi. A bisa ƙa'idar farko, Simfoni ta Biyar ba ta dace da kanta ba.

Amma wannan ƙaura daga C ƙarami zuwa C babba ita ce ƙashin bayan simfonin duka. Beethoven bai bar hutu tsakanin kashi na uku da na huɗu ba. Sai ya sauke ƙarar har ta kusa ɓacewa, mai tambari yana taɓa sautin C a hankali, masu goge suna lalube a sama kamar mai neman ƙofa a ɗaki mai duhu, har gaɓa kusan 50, sa'an nan ƙarar ta taso cikin 'yan sakan, dukkan makaɗa suka faɗo kan C babba, har da masu manyan ƙahonin tagulla da ake kira turombon, waɗanda suka zauna shiru tun farkon simfonin suna jiran wannan wuri.

Shin di-je ya yi kuskure ke nan? Bai yi ba. Gidajen biyu sun bambanta a sautuka uku, kuma mafi muhimmanci shi ne na uku daga cibiya, wanda a ƙaramin gida yake kaɗawa kusan 311, a babba kusan 330. In aka kunna faifai biyu a lokaci ɗaya, ɗaya yana ba da 311 ɗaya yana ba da 330, bambancin 19 ya faɗa daidai inda tantanin kunne ke jin kaushi. Di-je yana ɗora sauti a kan sauti na tsawon sakan goma sha ko fiye, saboda haka dole ya guji wannan. Beethoven kuwa sauti ya sa a bayan sauti, bayan ya shafe fiye da minti ashirin yana sa mai saurare ya saba da 311, domin ranar da 330 ta zo ya ji ta a jikinsa. Na farko aikin tantani ne, na biyu aikin tunawa da tsammani ne a ƙwaƙwalwa. Ma'aunin Camelot na farkon kawai yake aunawa, kuma ƙwararrun masu haɗa faifai sun san haka, shi ya sa sukan karya ƙa'idar da gangan in sun so su tayar da taro.

Ko a inda ma'aunin yake aiki, akwai rami. Lamba 440 yarjejeniya ce ta mutane. Faransa ta kafa 435 da doka a 1859. Ƙungiyoyin makaɗa da yawa a Turai suna daidaitawa a 442 ko 443, masu amfani da kayan kiɗa irin na zamanin Beethoven kuwa sukan sauka zuwa wajen 430. In aka ɗora faifan da aka yi a 430 a kan kiɗan lantarki na 440, manhaja na iya kiran dukansu 5A, amma kunne zai ji suna karo sau 10 a sakan a kan sautin A. Sa'an nan gudu da gida ba su rabu ba kamar yadda lambobin biyu ke nunawa. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san yadda muryar mawaƙi ke kauri idan batir ya yi sanyi. In aka ƙara gudun faifai da kashi 6 cikin ɗari, 108 ta koma 114, dukkan sautuka suna hawa mataki ɗaya, kuma mataki ɗaya a da'irar tsalle bakwai ne, 5A ta zama 12A. Manhajojin yanzu suna iya riƙe gida su sauya gudu, amma yanka sautin suke gunduwa-gunduwa suna sake jera shi, kuma in an matsa da yawa kunne yana jin ɗinkin.

Akwai ma tambayar kunnen wa ake nufi. A 2016 Josh McDermott da abokan aikinsa suka buga bincike a mujallar Nature kan mutanen Tsimane, mazauna dajin Amazon na ƙasar Bolibiya, waɗanda ba su cika jin kiɗan Turai ba. An ga suna ƙin kaushi kamar kowa, amma ba su fifita haɗin sautukan da Turawa ke kira mai daɗi a kan wanda suke kira mara daɗi ba. Ke nan wani ɓangare na abin da ake kira dacewa halitta ce, wani ɓangare sabo ne. Mai kalangu da ke matse tsarkiya domin gangarsa ta bi hawa da saukar magana bai san da mataki 12 ba, amma in aka ba manhaja kiɗansa, sai ta tura shi ɗaya daga gidaje 24 ɗin nan, domin su kaɗai aka koya mata.

Wanda ya so ya ga abin da ake yi wa simfonin kafin ta yarda da lamba biyu, ya nemi abin da Walter Murphy ya yi a Amurka a 1976, lokacin da ya mai da kashi na farko kiɗan disko, har ya kai matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi ciniki. Ya shimfiɗa ganga mai bugu ɗaya daga farko har ƙarshe, ya sa dogayen sautukan nan suka bi awon gangar, ya zubar da mafi yawan yawon da kiɗan ke yi tsakanin gidaje. Abin da ya fito yana da gudu ɗaya da za a iya rubutawa, kuma di-je na iya aiki da shi. Ban raina shi ba, yana sa ƙafa motsi. Sai dai a kira shi da sunansa, kiɗan Murphy ne.

Ga malaman sakandare, wannan darasi ne da ba ya bukatar kuɗi. A ɗaure ɗan dutse a zare mai tsawon santimita 99, a sake shi ya yi lilo, za a ga yana zuwa gefe ɗaya a kowane sakan, wato 60 a minti. A rage zaren zuwa santimita 31, sai lilon ya koma wajen 108, gudun da Beethoven ya rubuta ke nan. A kunna kashi na farko a waya, a raba aji uku. Rukuni ɗaya ya riƙa kallon dutsen yana lura da inda makaɗa suka tsaya shi bai tsaya ba. Na biyu ya ƙirga bugu na sakan 15 a wurare huɗu dabam-dabam na kiɗan, ya ninka da huɗu. Na uku ya yi irin wannan ƙirga da bugun jijiyar hannunsa, a zaune, sa'an nan bayan ya zaga aji da gudu. Daga nan a ce kowane rukuni ya zo allo ya rubuta lamba ɗaya tak, ya kuma faɗa wa sauran yadda ya same ta da abin da ya bari a baya.